Allurar ƙwayoyin halitta: Shin za ta iya ceto ƙafar da jini ya daina isa gare ta?

A Wagini da sauran garuruwan da ke bakin dajin Rugu, a ƙananan hukumomin Batsari da Safana na jihar Katsina, ƙafa ita ce jarin magidanci. Da ita ake zuwa gona, da ita ake bin shanun huɗa, da ita ake tayar da babur zuwa kasuwa. A shekarun da matsalar tsaro ta addabi yankin kuwa, da ita ake gudun tsira da rai.

Shi ya sa duk ranar da likita ya ce sai an yanke ƙafar wani, ba shi kaɗai abin ya shafa ba, gida ne guda ya shiga wani hali.

Ɗaya daga cikin manyan dalilan da ke kai ga yanke ƙafa shi ne toshewar jijiyoyin da ke kai mata jini, musamman ga masu ciwon suga. Sama da shekara 20 ke nan masana ke gwada wata hanya ta shawo kan matsalar, wato ɗebo wasu ƙwayoyin halitta daga cikin ɓargo a yi allurarsu a ƙafar, da fatan su sa ta tsiro da sababbin hanyoyin jini.

Yanzu tallar wannan magani ta fara yawo a shafukan sada zumunta, kuma duk mai waya a hannu zai iya cin karo da ita. To mene ne gaskiyar lamarin, kuma me bincike ya nuna?

Yadda jini ke yanke wa ƙafa

Zuciya na tura jini zuwa ƙafa ta cikin wasu manyan jijiyoyi da suka bi ta cinya, suka ratsa bayan gwiwa, suka rarrabu har zuwa yatsu. Jinin ne ke kai wa tsoka da fata iskar da muke shaƙa da kuma abinci.

Yayin da shekaru ke ja, kitse kan taru a jikin bangon waɗannan jijiyoyi, hanyar ta riƙa ƙuntata kamar magudanar ruwan lambu da yashi ya cike. Abubuwan da suka fi hanzarta wannan su ne ciwon suga, shan taba, hawan jini, yawan kitse a cikin jini da kuma ciwon ƙoda.

Da farko mutum kan ji sha-raɓarsa na ɗaurewa idan ya yi 'yar tafiya, da ya tsaya ya huta sai ciwon ya lafa. Da yawa kan ɗauka gajiya ce ko sanyin ƙashi.

Idan toshewar ta yi nisa, ciwon kan zo ko mutum na kwance, musamman da dare, har sai ya sauko da ƙafar daga kan gado ya ji sauƙi. Ƙafar kan yi sanyi, gashinta ya zube, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa ya zama gyambo. A ƙarshe yatsa ya yi baƙi, naman ya mutu.

Wani ƙiyasi da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa ya nuna cewa a shekarar 2010 mutum sama da miliyan 200 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Cikin waɗanda cutar ta kai matakin ƙarshe kuma ba a samu damar buɗe musu jijiyar ba, kusan ɗaya cikin biyar kan rasa ƙafa a cikin shekara guda, kuma kusan adadin haka kan rasu, galibi saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Dalili kuwa shi ne kitsen da ya toshe jijiyar ƙafa yakan toshe ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa ma.

Halin da ake ciki a Najeriya

Tsakanin 2016 da 2017 wasu likitocin ciwon suga sun bi diddigin marasa lafiya 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da na Kano da na Zariya.

Abin da suka gano ya tayar da hankali. An yanke wa kashi 35 cikin ɗari wani sashe na ƙafa, kashi 20 cikin ɗari kuma sun rasu a asibiti. Fiye da rabinsu an same su da toshewar jijiyoyin jini. Mafi yawansu ba su je asibiti ba sai da gyambon ya haura wata guda.

Mai ciwon suga na fuskantar haɗari biyu ne a lokaci ɗaya. Suga na kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi, ta yadda ƙaya za ta soke shi a gona ko salansar babur ta ƙona shi bai sani ba. Sannan ga ƙarancin jinin da zai warkar da raunin. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga, cikin 'yan kwanaki ƙafa na iya lalacewa.

Akwai kuma wata hanyar da jini ke yanke wa gaɓa wadda likitocin ƙashi a Arewa suka daɗe suna kokawa a kanta, wato ɗaurin karaya da aka matse fiye da kima. Idan aka ɗaure hannu ko ƙafa da kara aka tamke, gaɓar ta kumbura a ciki, jini kan tsaya cak. Tsokar da jini ya yanke wa gaba ɗaya takan fara mutuwa cikin kimanin sa'a shida. Yara da matasa ne suka fi faɗawa wannan matsala, kuma ta sha kai su ga rasa gaɓa a kan karayar da za ta iya warkewa.

Mene ne waɗannan ƙwayoyin halitta?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowacce da aikinta: ta fata daban, ta tsoka daban, ta jini daban. Amma akwai wasu da ba su riga sun ɗauki aiki guda ba, suna iya hayayyafa su rikiɗe zuwa wasu nau'o'in. Su ne ƙwayoyin halitta na tushe, waɗanda likitoci ke kira sitem sel. Ɓargon cikin ƙashi na daga wuraren da suka fi yawa a jikin babba.

A 1997 wani masani ɗan Japan, Takayuki Asahara, da ke aiki a ɗakin binciken Jeffrey Isner a birnin Boston na Amurka, ya ba da rahoton gano wasu ƙwayoyi a cikin jinin manya da ke iya shiga aikin gina bangon sababbin jijiyoyin jini. Kafin lokacin an ɗauka cewa irin wannan gini a cikin mahaifa kawai yake faruwa.

Daga nan ne tunanin ya taso. Likitocin jijiyoyi suna da hanyoyi biyu na buɗe wa jini hanya: ko dai su zura siririn bututu mai balan-balan a cikin jijiyar su buɗa ta, ko kuma su yi tiyata su ɗauko wata jijiya su kewaye wurin da ya toshe. Amma akwai marasa lafiyar da toshewar ta yi musu yawa, ko jikinsu ba zai ɗauki tiyata ba. Waɗannan ba su da zaɓi sai yankewa. Su ne aka yi niyyar taimakawa da sabuwar dabarar.

Yadda ake yin aikin

A 2002 wasu likitoci a Japan suka wallafa sakamakon gwajin farko da aka yi a kan mutane a mujallar Lancet. Sun sa wa mara lafiya maganin barci, suka zuƙo kusan rabin lita na ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, suka tace da na'ura suka ware ƙwayoyin da ake buƙata, sannan suka yi allurarsu a wurare kusan 40 a tsokar sha-raɓa.

Bayan mako huɗu, da yawa daga cikin marasa lafiyar sun ce ciwon dare ya ragu, sun iya tafiya mai ɗan nisa, kuma awon da aka yi ya nuna jini ya ƙaru a ƙafar. Labarin ya karaɗe duniyar likitanci, asibitoci a Turai da Asiya da Amurka suka fara nasu gwaje-gwajen.

Daga baya fahimtar masana ta sauya. Sun gano cewa yawancin ƙwayoyin da aka yi allurarsu ba sa daɗewa a ƙafar, kuma ba su ne ke zama jijiyoyi ba. Abin da suke yi shi ne fitar da wasu sinadarai da ke zaburar da ƙananan hanyoyin jinin da ke wurin su ƙara girma, tare da rage kumburi. Wato ba sa buɗe babbar jijiyar da ta toshe, sai dai su ƙarfafa 'yan ƙananan da ke kewaye da ita.

Da aka tsananta gwaji, me ya fito?

Gwaje-gwajen farko ƙanana ne, kuma mara lafiya da likita duk sun san an yi allurar. Masana sun san cewa wannan kaɗai na iya sa mutum ya ji sauƙi, sannan wanda ke cikin gwaji yakan samu kulawar gyambo fiye da sauran mutane. Hanyar da ake tantance gaskiya ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, wasu kuma a yi musu allurar da ba maganin a ciki, ba tare da kowa ya san nasa ba.

An yi irin wannan gwaji a ƙasar Holan a kan mutum 160, aka wallafa sakamakonsa a 2015. Bayan wata shida, an yanke ƙafar kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka ba ƙwayoyin ɓargo, yayin da a ɗaya ɓangaren aka yanke wa kashi 13. Masu binciken suka ce bambancin bai kai a gina hukunci a kansa ba, amma a fili yake maganin bai rage yanke ƙafa ba.

A 2017 wasu masana a jami'ar Padua ta Italiya suka tattara gwaje-gwaje 19 da suka ƙunshi mutum 837. Da aka haɗa su duka, sai ya zamana maganin ya rage haɗarin yanke ƙafa da kashi 37 cikin ɗari. Amma da suka ware gwaje-gwajen da aka fi tsananta ƙa'ida a cikinsu kawai, sai wannan amfani ya dushe.

Akwai dalilin da masana ke ganin ya jawo haka. Ɓargon dattijo mai ciwon suga da hawan jini shi ma ya gaji, ƙwayoyinsa ba su da ƙarfi kamar na matashi mai lafiya. Wanda ya fi buƙatar maganin shi ne nasa ƙwayoyin suka fi rauni.

Inda aka fi ganin alamun nasara shi ne a wata cuta da ake kira cutar Buerger, wadda ke kama ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa na masu shan taba, yawanci maza 'yan ƙasa da shekara 45. A bibiyar da likitocin Japan suka yi ta shekara uku, kusan tara cikin goma na masu wannan cuta sun tsira da ƙafarsu, yayin da a masu toshewar kitse shida cikin goma ne suka tsira. Sai dai ko a nan, babban maganin cutar shi ne barin taba kwata-kwata.

A Indiya, inda 'yan Najeriya da dama ke zuwa neman lafiya, hukumar kula da magunguna ta amince a 2020 da wani magani mai suna Stempeucel, wanda ake haɗawa daga ɓargon masu lafiya da suka ba da gudummawa, domin marasa lafiyar da ba za a iya yi musu tiyata ba. Amma ƙa'idojin da manyan ƙungiyoyin likitocin jijiyoyi na duniya suka fitar tare a 2019 sun ce a taƙaita irin wannan magani ga waɗanda ke cikin gwajin bincike mai rajista.

A taƙaice, maganin bai nuna wata babbar illa ba idan ƙwararru suka yi shi, yana iya rage ciwo ga wasu, amma har yanzu ba a tabbatar yana hana yanke ƙafa ba.

Ba ɗaya ba ne da dashen ɓargo na masu sikila

Mutane da yawa na haɗa wannan da dashen ɓargon da ake yi wa masu cutar sikila, domin duk ƙwayoyin tushe ake amfani da su. Aikin ya bambanta.

A dashen sikila ana kashe ɓargon mara lafiya ne da magunguna masu ƙarfi, a maye shi da na wani ɗan'uwansa da jininsu ya dace, domin jiki ya fara ƙera lafiyayyen jini. Wannan magani ne da aka tabbatar da shi shekaru da dama. An fara yin sa a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ƙarƙashin jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye, kuma a 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa.

Nasarar dashen sikila ba hujja ba ce cewa duk abin da aka laƙaba wa sunan sitem sel yana aiki.

Hattara da masu talla

Duk inda aka samu mai ciwon da ya rasa mafita, akan samu mai neman cin kasuwa da shi. A ƙasashe da dama an buɗe wuraren da ke karɓar maƙudan kuɗi su yi allurar da suke cewa tana maganin komai, daga ciwon suga zuwa shanyewar ɓarin jiki.

A 2017 mujallar likitanci ta New England ta ba da labarin wasu tsofaffin mata uku a jihar Florida ta Amurka da kowacce ta biya dala 5,000 aka yi mata allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsenta a idanu biyu. Dukkansu sun samu mummunar matsalar gani, ɗaya ta makance gaba ɗaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗin jama'a kan irin waɗannan wurare.

A nan gida kuma, abin da aka fi gani shi ne garin sha ko ƙwayar haɗiya da ake tallatawa a WhatsApp da Facebook da sunan sitem sel. Ƙwayar halitta abu ne mai rai. Ba ta rayuwa a busasshen gari a cikin leda, kuma ko da ta rayu ciki zai narkar da ita kamar yadda yake narkar da abinci. Abin da ya fi muni shi ne mai suga ya ajiye maganinsa na asibiti saboda irin wannan gari.

Duk wanda aka yi wa tayin allurar, a gida ko a waje, ya kamata ya nemi amsar tambayoyi huɗu. Likitan jijiyoyi ya duba ƙafar ya tabbatar ba za a iya buɗe jijiyar ba? Wace hukuma ce ta amince da maganin? Idan gwaji ne, an yi masa rajista, kuma kwamitin ɗa'ar bincike ya amince? Wa zai ɗauki nauyi idan matsala ta biyo baya? Wanda ya ba da tabbacin warkewa ɗari bisa ɗari, wannan kaɗai ya isa a guje shi. Sayar da gona ko shanun huɗa saboda alƙawarin da manyan masana ba su iya yi ba, asara ce a kan asara.

Abin da ke ceton ƙafa a yau

Ga mutumin Wagini ko Safana, abin da ya fi raba tsira da ƙafa da rasa ta shi ne lokaci. Nisan hanya, tsadar mota da fargabar tsaro sukan sa a yi ta jinkiri ana shafa magani a gida, har sai wari ya fara fita. A 2021 ma sai da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Batsari da Safana, abin da ya nuna irin ƙuncin da neman lafiya ke shiga a yankin.

Duk da haka akwai abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Wanda ya haura shekara 40 ya auna suga da hawan jini ko da yana jin kansa lafiya lau. Mai suga ya duba ƙafarsa kullum, ƙasa da sama da tsakanin yatsu. Lokacin alwala dama ce mai kyau ta yin haka, sai dai a tsane tsakanin yatsun bayan an gama. Idan ido ba ya gani sosai, a sa wani a gida ya duba.

Kada mai suga ya yi yawo ba takalmi, ko a tsakar gida. Ya zazzage takalmi kafin ya sa, kada ya yanke ƙanta ko farce da reza, kada ya gasa ƙafa a bakin wuta lokacin hunturu ko ya tsoma ta a ruwan zafi, domin ba lalle ya ji tana ƙonewa ba. Tsaga da ƙaho a ƙafar da jini ya yi mata ƙaranci kan buɗe raunin da ba zai rufe ba.

Barin taba shi ne mataki mafi girma ga mai shan ta. Ga wanda ciwon ke zuwa masa a tafiya kawai, yin tafiyar a kai a kai, a huta idan ciwo ya zo a sake tashi, yana taimaka wa jiki ya buɗe ƙananan hanyoyin jini da kansa. Akwai kuma magungunan rage kitsen jini da na hana jini daskarewa masu sauƙin kuɗi da likita kan rubuta, waɗanda ke kare zuciya tare da ƙafar.

Gano cutar ma ba ya buƙatar babbar na'ura. Ma'aikacin lafiya na iya taɓa bayan ƙafa da gefen idon sawu ya ji ko jini na bugawa. Akwai kuma awon da ake kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na hannu, wanda ake yi da abin awon hawan jini da wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu. Samar da wannan a asibitocin ƙauye da horar da ma'aikata a kai zai fi amfanar jama'ar yankin nesa ba kusa ba a kan jiran maganin da ake kan gwadawa.

Akwai alamun da ba a kwana da su: rauni a ƙafar mai suga da ya yi ja ko ya fara ruwa, yatsan da ya canza launi, ƙafar da ta yi sanyi da zafin ciwo farat ɗaya, ko gaɓar da aka ɗaure ta kumbura yatsun suka mutu. A irin wannan hali a sassauta ɗaurin a nufi asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Batsari ko na Dutsin-Ma, daga nan a iya tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya ko asibitin Janar Amadi Rimi da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Idan kuma nama ya riga ya mutu, babu allurar da za ta dawo da shi, ko ta ƙwayoyin tushe ce. A nan jinkiri kan sa yankan da zai tsaya a yatsa ya haura gwiwa, ko gubar ta shiga jini ta yi kisa. Wanda ya amince da wuri yakan tsira da mafi yawan ƙafarsa, kuma Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano na haɗa ƙafar roba da mutane ke komawa sana'arsu da ita.

Masana na ci gaba da bincike, suna gwada ƙwayoyin da aka samo daga masu lafiya da kuma hanyoyin sa su daɗe a cikin tsoka. Mai yiwuwa wata rana a dace. Kafin wannan rana, ƙafar da aka kai asibiti a makon farko na rauni ita ce ta fi samun damar komawa gona.